Yadda zaka lissafa ƙananan kuɗaɗen da ke cinye jari kafin ka buɗe shago

Duk wanda yazo min da maganar zai buɗe shago tambayar farko da nake masa ita ce nawa ne a hannunka, kuma nawa zaka zuba a kaya? Mafi yawa amsa ɗaya suke bani, wai miliyan uku ce, zan biya haya dubu ɗari huɗu sauran duka in saro kaya. Toh anan matsalar take farawa. Kuɗin kaya ba shi ake fara cirewa ba, shi ne abinda ya rage bayan ka cire komai, kuma wannan "komai" ɗin yafi yadda kake zato yawa. Nima da na buɗe shagon kayan masarufi na farko haka nayi, na cika kanta taf da kaya har maƙwabta na ta sa albarka, wata huɗu kacal na duba naga kanta ta koma rabi alhali ciniki ake yi kullum kuma ba wanda ya sace min komai. Kuɗin dako ne da man janareto da leda da cefanen gida suka dinga fita daga cikin uwar kuɗi ban sani ba, ɗan hakin da ka raina kenan. Shi yasa nake so in jero maka yadda nake yin lissafin yanzu, da misalin shagon kayan masarufi a Kano tunda shi na sani, amma mai ɗinki da mai POS da 'yar uwa mai yin cincin da zoɓo a gida duk tsarin ɗaya ne.

Mataki na farko, tun kafin ka nemi shago, ka sayi littafi mai layi ka raba shi gida huɗu: kuɗin shiga wanda sau ɗaya ake biya, kuɗin wata wata, kuɗin shekara shekara, sai kuɗin ko-ta-kwana. Kar ka riƙe a ka, kai baya riƙe naira ɗari biyu ɗari uku. Sannan ka samu mutum uku da suka yi aƙalla shekara biyu a irin sana'ar, ba 'yan layinku ba dan kar su ga kishiya ce ta zo, ka kai musu ziyara lokacin da kasuwa ta lafa. Kar ka tambaye su nawa ake samu, ba wanda zai faɗa maka gaskiya. Ce musu zakayi, Alhaji dan Allah wane kuɗi ne ka biya a shekarar farko wanda baka taɓa sa shi a lissafi ba? Wallahi zakaji abubuwa, kuma duk abinda mutum biyu cikin ukun suka ambata ka rubuta shi, tabbas kaima zai same ka.

Na biyu shi ne shagon kansa, kuma anan ake fara tafka asara tun ba a saida ko ashana ba. Kuɗin hayar da aka faɗa maka ba shi kenan ba. Akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100 na hayar, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, wani wurin ma shekara biyu za a ce ka biya a dunƙule, in kuma cikin kasuwa ne wanda zai tashi ya bar maka wurin yana iya neman nasa kuɗin sallama daban. Kafin ka bada ko sisi ka shiga shagon da rana ka ɗaga kai ka duba rufi, in kaga tabon ruwa a silin ka san damina zata gwada maka, ka duba ƙasa ko tana tsattsafo, ka duba ƙofa ko tana buƙatar walda, ka duba wayarin. Ka tambayi maƙwabta ko ruwa na shigowa layin, domin 'yan Kantin Kwari basu manta ambaliyar Agustan 2022 ba, atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi suka jiƙe, kuma galibi kayan da ke jibge a ƙasa ne suka fi shan wahala. Katakon da zaka ɗora buhu a kai kuɗi ne, sa shi a littafi.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya duba: mita. Ni na kama shago ashe wanda ya tashi ya bar bashin wuta mai yawa a kai, mai shagon yace ba ruwansa, dillali ya daina ɗaga waya, dole ni na biya kafin a maido min da wuta. Dan haka ka nemi takardar biyan wuta ta ƙarshe, in mai kati ce a duba ko akwai tsohon bashi da ake cirewa duk sanda aka sa kati, kuma a rubuta a yarjejeniya wa zai biya. Haka gyaran da zakayi, fenti, siminti, ƙofar ƙarfe, kuyi magana tun farko ko za a cire maka daga haya, in ba haka ba ka gyara wa wani shago da kuɗinka shekara na zagayowa ya ƙara maka haya saboda wurin yayi kyau. Sai kanta da tebur da benci da sikeli da kwado masu kyau guda biyu ko uku da allon suna da fanka. Ka sa harda abin kashe gobara ƙarami, wanda ya ga abinda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 tayi wa mutane bazai ce wannan almubazzaranci bane.

Na uku takardu. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka shiga shafinsu ka ga kuɗin da ake biya a lokacin, in wakili zai maka ka ƙara ladansa. Da yawa suna cewa sai kasuwa ta kankama, amma in kana son asusun banki da sunan shago ko kana harin tallafi ko kwangilar kai kaya makaranta sai da ita, masu POS kuwa tun 2024 aka wajabta musu. In abin ci ko sha zaka ƙulla a leda ko roba da sunanka kana kaiwa shaguna, irin su ruwan leda, yogot, yaji, to akwai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma ba kuɗin fom kaɗai bane, zasu zo duba wurin da kake aikin, gyara ɗakin ya cika sharaɗinsu yakan fi kuɗin rajistar. Sai na ƙaramar hukuma da na hukumar haraji ta jiha, kuɗin izinin wurin kasuwanci, kuɗin allo, kuɗin shara. Shawarata kaje sakatariya da ƙafarka ka tambaya nawa ne a shekara, ka biya ka karɓi rasit ka manna kwafi a bango, ya fi ace kullum wani yazo da tikiti kana miƙa ɗari biyar baka san na menene ba.

Na huɗu, wuta da mai, wannan dole in ɗan daɗe a kai dan shi ne ya durƙusar da masu firiza da yawa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur bata kai naira 200 ba a farashin gwamnati, ana cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A, wato rukunin layukan da aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit kafin a ɗan rage daga baya. Kaga wanda yayi lissafinsa a farkon 2023 ya ɗauka haka za a tafi, cikin shekara ɗaya lissafin ya zama tarihi. Dan haka ka tambaya layin da shagon yake wane Band ne a wajen kamfanin wuta na KEDCO, kuma awa nawa ake samun wuta a zahiri, maƙwabta ne zasu faɗa maka wannan. Sannan kayi lissafin janareto da kanka: lita nawa yake sha a awa, awa nawa zaka kunna a rana, ka ninka da kwana 30, ka ƙara baƙin mai da filogi da kuɗin mai gyara. In sola kake so kar ka tsaya a kuɗin faranti da inbata, batir yana mutuwa, ka raba kuɗinsa da shekarun da aka ce zai yi ka dinga ware wannan duk wata. Kuma ka tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe sama da mako cikin duhu, masu kifi da kaji da ƙanƙara sun ji jiki. In sana'arka bata rayuwa sai da sanyi, kuɗin man sati guda cur ya kamata ya kasance a ajiye ba a taɓa shi.

Na biyar, ka koyi fitar da ainihin kuɗin da kaya ya iso shago, ba kuɗin da ka biya a kasuwar Singer ba. Bari in baka misali, kai ka sa farashin ranar da kake karantawa. Ka saro katan ɗin taliya mai guda 20 a kan 18,000, a kanka kowace ɗaya 900 ce, ka saida 1,000 kace ka ci 100. Amma ɗan dako ya karɓi 200 ya fito maka da shi bakin titi, rabon katan ɗin a kuɗin ɗan sahu 400, ledar da zaka ƙulla wa masu saye 100, ya zama 18,700, kowace ɗaya 935 kenan, ribar ta dawo 65. In ɓera ya huda guda ɗaya tak, 19 zaka saida, 19,000, ribar katan ɗin gaba ɗaya naira 300. Ka gani ko? Baka ci abinci a kasuwa ba tukun, baka sa kuɗin motarka na zuwa da dawowa ba. Shi yasa sari kaɗan kaɗan kullum yake cin riba, gara ka haɗa sari sau biyu a sati ko ku haɗa mota da maƙwabcinka. Kayan awo kuma, shinkafa, wake, suga, ka auna buhun farko da kwanonka ka ƙirga kwano nawa ya fito da gaske, ka cire gyara da ake wa masu saye da wanda ke zubewa, da wannan adadin zaka raba kuɗin buhu ba da wanda aka faɗa maka a kasuwar hatsi ta Dawanau ba.

Akwai wata ɓoyayyar asara a nan da ba a ganinta sai an koma sari. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, ma'ana ka saida kaya da riba a lissafin tsohon sari, ka koma kasuwa kuɗin bazai sayo maka adadin da ka saida ba. Jakarka ta ƙaru, kantarka ta ragu. Ka riƙa kiran wanda kake sari a wajensa kana jin farashin yau, kuma ka auna jarinka da yawan katan da buhu, ba da naira kaɗai ba. In kuma farashi ya sauko kana da tsohon kaya mai tsada, nan ma kai zaka ɗauki bambancin, wani dalilin kenan na kar ka jibge duk kuɗinka a kaya iri ɗaya.

Na shida ƙananan cajin karɓar kuɗi. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, dole ka tanadi asusu ko na'urar POS, na'urar kuɗi ce, takardar rasit ɗinta kuɗi ce, data kuɗi ce, akwai ɗan kason da kamfanin ke cira a kowane ciniki, akwai naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar da ta kai 10,000. In kuma wanda kake sari a wajensa tsabar kuɗi yake so, zaka biya mai POS ya baka. Ƙarshen wata ka buɗe bayanan asusunka ka tara waɗannan, sai ka san adadin da zaka dinga warewa. Kuma kar kaya ya bar shago sai ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka, hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi bane.

Na bakwai mutane, kuma wannan shi yafi wuya dan akwai kunya a ciki. Yaron shago ba albashi kaɗai bane, akwai abincin rana, kuɗin mota, in yayi zazzaɓi kai ne, ga kayan sallah, in kuma tsarin ubangida ne akwai sallama bayan shekaru, wanda ya kamata ka fara tarawa tun yanzu dan hakki ne. Akwai kuɗin mai gadi na layi, kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa, gudummawar biki da ta'aziyya da gyaran masallaci ko kwalbati. Sai bashi. Ranar da ka buɗe shago 'yan uwa da abokai da maƙwabta zasu zo, kawu a bani kwano biyu zuwa albashi, yaya a rubuta min, kuma ba duka zaka iya hanawa ba, unguwa ce, zaman tare ne. Abinda nake yi shi ne in yanke adadi tun farkon wata, ince duk bashin da ke waje bazai wuce kaza ba, in ya cika sai wani ya biya kafin in ba wani, kuma a lissafina ina ɗaukar wani kaso a matsayin wanda bazai dawo ba. Wanda nasan ba shi da halin biya gara in ba shi kyauta daga aljihuna in san sadaka nayi, da in rubuta a littafi muna gaisawa da nauyi.

Sai kai kanka. Ka yanka wa kanka albashi, ko nawa ne, kuma duk abinda gida ya ɗauka a shago, sabulu, madara, maggi, a rubuta a cire daga albashin nan kamar baƙo ne ya saya. Wannan shi ne ramin da ya cinye rabin kantata, dan a lokacin gani nake ai kayana ne. In kana da wata hanyar samu, aikin albashi ko gona, ka bar shagon ya huta wata shida baka ci daga jikinsa ba, in baka da ita to dole cefanen wata uku ya shiga cikin lissafin jari tun farko. 'Yan uwa mata masu sana'a a gida ku ma haka, gas ko gawayin gida da kika yi aiki da shi, man gyaɗan girki da kika ɗiba, kuɗin yaron da ya kai saƙo, duk ki rubuta, in ba haka ba zaki ga kamar kina cin riba alhali kuɗin cefane ne ke tallafa wa sana'ar.

Na takwas na shekara shekara, waɗanda suke zuwa kamar ba a san da su ba alhali an sani. Hayar baɗi ka raba ta gida 12 ka ɗan ƙara wani abu saboda ƙari, ka dinga cirewa duk wata kana sawa a asusu daban ko ka shiga adashi da zaka kwasa wata ɗaya kafin haya ta ƙare. Sabunta takardu. Sai zakka, in dukiyar kasuwancin ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in ne, wato kashi 2.5 cikin 100, ana ƙiyasta kayan da ke shago a haɗa da kuɗin hannu, ka zauna da malami ya nuna maka yadda zaka fitar dan kar ta zo maka a watan da ka kwashe kuɗi ka yi sari.

Yanzu mu haɗa, da miliyan ukun nan, duk alƙaluman misali ne ka canza su da na unguwarku. Kuɗin shiga: haya 400,000, la'ada 40,000, yarjejeniya 20,000, gyara 120,000, kanta da tebur da sauransu 180,000, firiza na hannu 250,000, rajista da allo 50,000, jimla 1,060,000. Na wata: wuta da mai 45,000, yaro da abincinsa 50,000, dako da mota 25,000, gadi da shara da ƙungiya 10,000, leda da data da cajin banki 12,000, lalacewar kaya da bashin da bazai dawo ba 15,000, tarin hayar baɗi 40,000, albashinka 80,000, jimla 277,000. Sabon shago baya ɗaukar kansa a watan farko, mutane basu saba da kai ba, dan haka ka ware na wata uku, 831,000. Ko-ta-kwana kashi 10 na jari, 300,000, na ranar da kwamfiresan firiza ya ƙone ko aka fasa kwado. Ka tara duka 2,191,000. Abinda ya rage na kaya 809,000, ba 2,600,000 da ka zo da ita a kai ba.

Nasan wannan adadin yana sa gwiwa tayi sanyi, amma gara ka ganshi a takarda. Daga nan sai tambaya ta gaba, cinikin nawa zanyi kullum kafin shago ya biya kansa? In a kowace naira 100 ta ciniki ribarka 10 ce, to kafin ka samu 277,000 sai kayi cinikin 2,770,000 a wata, wajen 92,000 kenan kullum, kuma da kayan 809,000 sai ka juya su sau uku a wata. Jeka zauna kusa da wurin da kake son kamawa, safe da yamma kwana biyu ko uku, ka ƙirga masu shiga shagunan da ke layin, zuciyarka zata faɗa maka ko 92,000 zata samu.

In kaga bazata samu ba sai ka dawo littafi ka fara yanka, amma ka yanka daga inda ya dace. Kar ka taɓa ko-ta-kwana, kar ka goge albashinka ka ce zaka daure. Ka ajiye maganar yaro tukun ka zauna da kanka, na wata ya sauko 227,000, cinikin da kake buƙata kullum ya dawo wajen 76,000, kuma 150,000 ta dawo cikin kaya. Ka ɗage sayen firiza zuwa gab da zafi ko azumi lokacin da kayan sanyi ke tafiya, 250,000 ta dawo, ga kuɗin mai ya ragu. Kayanka sun zama 1,209,000 kenan. Ko ka nemi shago mai arha a cikin layi, ko ku raba babban shago da mai wata sana'ar da bata karo da taka, ko ka fara da tebur a ƙofar gida na wata shida ka gane kayan da unguwar ke ci kafin ka ɗaure kanka da haya.

Bayan an buɗe, wata ukun farko duk naira da ta fita daga aljihun shago ka rubuta ta a take, harda hamsin ɗin ruwan leda da ɗarin almajiri. Duk Juma'a da yamma ko ranar da kasuwa tafi lafawa ka ɗauki rabin awa ka kwatanta abinda ka kashe da abinda ka ƙiyasta, layin da ya wuce ƙiyasi sati biyu a jere ka gyara adadinsa a littafi kuma ka duba ko farashin kayanka na ɗauke da shi. Ƙarshen kowane wata ka rufe shago da wuri ka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a farashin sari na ranar, ka haɗa da kuɗin hannu da na banki da bashin da kake da tabbacin zai dawo, ka cire wanda ake binka, ka rubuta adadin a shafin ƙarshe kusa da na watan jiya.